Haƙorin Da Umma Ta Hana A Cire

Assalamu alaikum. Ni ban iya kwana-kwana ba, don haka zan fara da abin da ya kawo ni. Mahaifiyata ta rasu wata bakwai ke nan, kuma haƙori ne sanadi. Na san wani zai ce kwana ne ya ƙare. Na yarda, ni ma Musulma ce. Amma ta bakinta ajalin ya shigo, ina tsaye ina kallo, har da hannuna a ciki. Wanda ya karanta ya yi wa Umma addu'a, sannan ya tashi ya je ya leƙa bakin tsohuwarsa.

Sunana Bilkisu, a Fagge aka haife ni, a nan nake har yau. Na gama sakandare ban ci gaba ba, ina tsaron shagon labule a Titin Ibrahim Taiwo. Mu biyu ne a wajen Umma, ni da Yaya Nura mai tuƙa adaidaita sahu. Abbanmu ya rasu ina firamare. Da tuwo da miya Umma ta riƙe mu, 'yan kasuwar atamfa da yawa sun san kwanonta.

Umma tana da haƙorin Makka, irin na gwal ɗin nan da mata ke sakowa in sun je aikin Hajji. Shekara goma sha ɗaya tana zubin adashi kafin ta samu kujera. Ina da shekara huɗu ta tafi, saboda haka ni ban san bakinta ba sai da shi. A sama yake, gefen hagu, in ta yi dariya sai ya yi wal. Tun daga ranar da ta dawo masu sayen tuwo suka daina ce mata Tasalla mai tuwo, ta koma Hajiya. Jakar Hajjin ta yage, butar ta fashe, hotunan da ta ɗauko ruwan sama ya cinye su shekarar da rufin ɗakinmu ya yi yoyo. Haƙorin ne kaɗai ya rage mata.

Ni kuma ina da nawa ciwon. Haƙorina na sama gefen hagu bai fito a layi ba, can saman dasashi ya ɓullo ya hau kan ɗan'uwansa. A makaranta Fiƙa ake ce min. Na yi dambe a kan sunan nan ya fi sau goma. Ba na dariya sai na kai mayafi baki. Na goga gawayi, na goga lemon tsami da gishiri, wai ko ya yi fari mutane su daina ganin karkacewar, ba abin da na samu sai tsamin baki. Da na fara aiki na yi niyyar sai na gyara shi. Saura kaɗan in kai kaina wajen wata mai gyaran gashi da ke manna wa 'yan mata wayar ado da gam, sai Allah ya haɗa ni da wata mata 'yar Sabon Gari da ta zo sayen labule, ta ce kar in soma, ta kwatanta min asibitin haƙorin Dakta Rifkatu. Ɗan ƙaramin wuri ne a saman bene, ƙasansa masu sayar da tayil. Daktar 'yar wajen Zariya ce, Kirista, Hausarta ta fi tawa. Ita ta sa min waya ta gaskiya, ta ce duk wata in zo a ɗaure.

Ranar da na dawo gida da ƙarafa a baki Umma tana tuƙin tuwo. Ta ɗago ta ce, "Wai ke me haƙorin nan ya tsare miki?"

Na ce, "Umma, ke ba za ki gane ba. Naki a jere suke, har da na gwal."

Ta tsaya da muciya a hannu ta dube ni. Sai ta ce, "Haka ne." Ta ci gaba da tuƙi.

Ku riƙe wannan maganar, zan dawo kanta.

Wata goma sha huɗu ina hawa benen nan. Na san kowace matakala, na san wadda ta gutsure. Duk gidanmu ba wanda ya kai ni sanin hanyar likitan haƙori. Amma ko sau ɗaya ban taɓa cewa Umma, zo mu je a duba naki ba.

A makon farko na ciwon, ƙamshin kanumfari na fara ji a jikinta. Sannan na lura ta daina cin goro, ita da ba ta wuni sai da shi. In ta zo ɗanɗana miya sai ta karkata kai ta zuba a gefen dama. Na ce mene ne, ta ce sanyi ne. Ta aika kemis aka ƙirgo mata kafso mai ja da rawaya na kwana uku. Zafin ya lafa, ta ce, "Kin gani? Da ma sanyi ne." Kwana biyu ya dawo, ta sake aikawa.

Ranar ɗaurin wayata ta zo, na ce mu je tare. Ta ce, "In je ta yi min me?"

"Ta duba mana."

"Ta duba ta ce a cire. Je ki abinki."

Na makara, na ja tsaki na fita. Ina kan kujera na ba Dakta labari. Ta ajiye abin hannunta ta tambaye ni shekarar haƙorin nawa, na ce ashirin. Ta ce tana da suga? Na ce eh, amma ba kullum take shan magani ba. Ta ce, "Bilkisu, ki lallaɓa ta ki kawo min ita cikin satin nan. Irin murfin nan sai an goge haƙori kafin a sa, wani lokaci na cikin ya mutu ya ruɓe ba a gani. Ba lallai a cire ba in an zo da wuri. Ki lallaɓa ta."

Sau biyu ta ce in lallaɓa. Ni kuwa ina shiga gida, ko mayafi ban cire ba, na ce, "Umma, Dakta ta ce ƙarƙashin gwangwanin nan ruɓewa yake yi."

Umma ta ce, "Gwangwani?"

Dakta ba ta ce gwangwani ba, ni na faɗa. Kuma ban gaya mata ɗaya maganar ba, cewa ba lallai a cire ba. Na manta, wallahi mantawa na yi. Umma ta juya min baya ta ce, "Ki ce mata na gode. Gwangwanina a ƙasa mai tsarki aka sa min shi." Daga ranar ko sunan Dakta ba ta son ji. Da bakina na rufe ƙofar.

Mako na biyu kumatu ya tashi. Ta daina fita wajen tuwo, maƙwabciya ta karɓi tukunya. Sai ga Inna Asabe, yayar Umma, ta zo da ƙullin kayanta ta ce jinya ta zo. Da farko ta ce hangum ne, ta ɗiɗɗiga mata bula a kumatu. Da bai sauka ba ta ce daji ne, daji kuwa ba ya son allura, ana tsira masa ƙarfe sai ya yi fushi. Ta ƙara da cewa haƙorin sama ba a taɓa shi, jijiyarsa ɗaya da ido, ta san wata a unguwarsu da aka cire mata ta makance. Masu zuwa dubiya kowa da tasa. Wannan ta ce man birki a auduga, waccan ta ce hayaƙin 'ya'yan gauta yana fito da tsutsar. Man birkin dai na hana, na kusa zagin mai maganar. Amma da Inna ta ce a yi gashi, ban ga laifinsa ba. Wane ne a cikinmu ba a gasa masa kumburi ba? Targaɗe gashi, maruru gashi, mai jego gashi.

Ni na riƙa yi. Safe da yamma, tsumma da ruwan zafi, in matse in danna mata a kumatu. Tana cewa, "Wayyo daɗi, Allah ya yi miki albarka." Albarkar nan tana cikin abin da ke hana ni sukuni yanzu.

Wata safiya ina cikin gashin ta kama wuyan hannuna. Inna tana zaune a gefe tana jan carbi. Umma ta ce, "Bilki, ki yi min alkawari. Ko me za a yi, kar ki bari a cire min shi. Da shi nake so in koma."

Na ce, "Umma, sakar min hannu, ruwan yana hucewa."

"Ki yi min tukuna."

"To na ji, na yi."

Don ta sake ni na faɗa. Mai shagonmu ya riga ya kira ni sau biyu.

Ranar Litinin ta mako na uku muka tashi idonta na hagu ya rufe. Kumburin ya haura daga kumatu ya cinye gefen hanci, fatar ta yi ja tana sheƙi, jikinta kamar garwashi. Yaya Nura ya leƙo ya gani, bai yi shawara da kowa ba ya juyo da adaidaitarsa ƙofar gida. Na ce mu wuce Sabon Gari. Umma, duk da halin da take ciki, ta ce ba za ta je wajen mai ce mata gwangwani ba. Inna ta ce masu asibitin kuɗi hannunsu yana rawa wajen cirewa. Yaya ya ce mu fara gwada na gwamnati. Uku suka rinjayi ɗaya, kuma gaskiya ban ja da ƙarfi ba.

Ba zan faɗi sunan asibitin ba. Mun yanki kati, mun bi layi tun hantsi, da muka isa ɓangaren haƙori aka ce sun gama ɗaukar na yau, mu dawo gobe da sassafe. Na nuna wa mai karɓar katin fuskar Umma, na ce, "Malam, kalli matar nan." Ya ce, "Kowa a nan da ciwo ya zo." Na zage shi tas, mutane suka taru suna ba ni haƙuri. Zagin bai sa an duba ta ba. Washegari muka yi sammako muka samu lamba ta shida. Aka kai na huɗu wuta ta ɗauke. Da ta dawo aka gwada Umma aka ce suga ya yi sama da yawa, ba za su taɓa ta ba sai mun je wani ɓangare an sauke shi. Can kuma wani katin, wani layin. Umma tana kwance a benci, kanta a cinyar Inna, tana kiran sunan Abbanmu da ya shekara goma sha biyar a ƙasa.

A nan na ce da Yaya ya ɗauke ta mu tafi wajen Dakta. Ban tambayi kowa ba.

Umma ba ta iya hawa benen ba. Na haura da gudu, Dakta tana da mutum a kan kujera, ta kalli fuskata kawai ta cire safar hannu ta biyo ni. A cikin adaidaita ta duba ta, a bakin titi, masu tayil suna kallo. Ta durƙusa ta ce, "Sannu Hajiya, sannu Mama. Buɗe min kaɗan." Bakin ko yatsa biyu ba ya shiga. Ta haska da fitilar wayarta, ta ɗaga fatar idon, ta taɓa kumatun. Sai ta ga inda fatar ta saɓule.

Ta ce, "Wa ya ce a gasa?"

Inna ta sunkuyar da kai. Na ce, "Ni na gasa."

"Kwana nawa?"

"Takwas."

Ba ta yi min faɗa ba. Da ta yi da na fi samun sauƙi. Cewa ta yi, "Zafi yana buɗe wa mugunya hanya ne ta bazu. Wannan ya wuce kujerata, Bilkisu. Babban asibiti za ku, yanzu, ba gida ba." Ta rubuta takarda a kan cinyarta, ta kira wani likita a waya a gabanmu ta yi masa bayani, ta ce in mun isa mu wuce ɗakin gaggawa kar mu bi layin kowa. Yaya ya sa hannu a aljihu, ta ce, "Mayar, za ka buƙace shi a can." Allah ya saka wa matar nan. Duk abin da zan faɗa a kan asibiti, ita na cire ta.

Takardarta ta yi aiki, aka ba mu gado kafin la'asar. Aka yi hoto, aka ɗebi jini, aka sa ƙarin ruwa da allurai. Kowace allura sai an rubuto an ce a je a sayo, wata babu a ciki sai a waje. Yaya ya daina ɗaukar fasinja, ya koma jigilar magani. Ni na sayar da 'yan kunnena da wayata babba. Ban faɗa don a tausaya mana ba. Na faɗa ne don ku san abin da muka kashe a kwana biyun farko ya isa a duba bakin mutum goma a wajen Dakta.

Likitan da ya zo da safe matashi ne mai gilashi. Ya kira ni gefe ya ce, "Ciwon ya bi jini ya hau bayan ido. Daga can ƙwaƙwalwa ba nisa." Maganar nan har yau ina jin ta da muryarsa. Ya ce dole a cire haƙorin a zuƙe mugunyar, don shi ne tushen, in an bar shi duk allurar banza ce. Umma ba ta cikin hayyacinta, sai wani nata ya sa hannu. Yaya ya fita neman magani. Aka miƙo min takarda da biro.

Inna ta riƙe gefen mayafina. Ta ce, "Bilki, kin yi mata alkawari. A gabana kika yi."

Na ce, "Inna, sake ni."

"Ki jira yayanki."

Likita ya ce ba lokacin jira. Na sa hannu. Kuma in aka dawo da ranar zan sake sawa. Abin da nake kuka a kai ba sa hannun ba ne, makonni ukun da suka wuce kafin shi ne.

Da suka fito da ita wata nas ta miƙo min abu a naɗe cikin auduga. Na buɗe. Ashe ba shi da nauyi ko kaɗan, kamar ɓawon gyaɗa. Wajensa yana nan yana ƙyalli, cikinsa baƙi ƙirin. Nas ɗin ta ce haƙorin da ke ciki an goge shi ya koma kamar tsinke, ya daɗe da mutuwa, guntu-guntu suka fito da shi. Na ƙulle shi a bakin mayafina.

A mako na huɗu ta samu sauƙi na kwana biyu. Zazzaɓi ya sauka, idon dama ya buɗe sosai, ta gane mu. Yaya har ya fita ya yi sadaka. Ina zaune a gefen gadon da hantsi ina kallon bakinta, sai na ga harshenta yana motsi a ciki, yana zuwa gefen hagu yana dawowa. Ya je ya dawo sau uku.

Ta ce, "Bilki."

"Na'am, Umma."

"Ina yake?"

Na kwance bakin mayafi na nuna mata. Ta daɗe tana kallonsa, ba ta karɓa ba.

"Wa ya ba su izini?"

"Ni ce."

"Kin ci amanata."

Na ce, "Umma, da ranki da wannan abin wanne ya fi?"

Ta ce, "Ban tambaye ki ba." Ta juya fuska bango.

Ranar da yamma wata sabuwar nas ta shigo rabon magani tana duba fayil, ta ɗaga murya ta ce, "Iya Tasalla! Wace ce Iya Tasalla?" Na ga yadda kafaɗar Umma ta motsa. Shekara ashirin ba wanda ya kira ta haka. Na miƙe na ce, "Hajiya ce! Hajiya Tasalla!" Nas ta ce, "To ai ba a rubuta ba, kuma ban ga alama ba." Allah ne ya sa Inna ta shiga tsakaninmu. Na yagi kwalin magani, na ari biro, na rubuta HAJIYA da manyan baƙaƙe na manna a kan gadon da filasta. Matan ɗakin suka yi ta dariya, wata tsohuwa mai karyayyen ƙugu ta ce, "Hajiya, wannan 'yar taki soja ce." Umma ta ce, "Tun a ciki take harbina." Ta ɗan murmusa da rabin bakin da ke motsi. Daga ranar duk ɗakin Hajiya suke ce mata, har nas ɗin. Ta zo daga baya ta ba ni haƙuri, ni ma na ba ta.

Washegari bayan azahar ina ba ta kunu a cokali, ta ce, "Buɗe bakinki in gani."

Na buɗe. Ta ƙura wa wayar ido ɗaya.

"Ya sauko ya shiga layi."

"Saura wata uku a cire."

"In an cire a zo a nuna min."

"Ai ke za ki raka ni."

"Ni da benen nan?"

Na ga kamar ta huce, na ce, "Umma, ki yafe min."

Ta ce, "Ba ni ruwa."

Na ba ta. Ita ce maganarmu ta ƙarshe da take cikin hankalinta. Kafin magariba zazzaɓin ya dawo, ta fara fisge-fisge, aka mayar da ita wani ɗaki da ba a barin 'yan jinya. Kwana uku muna leƙe ta gilashi. Ranar Alhamis da hantsi likitan nan mai gilashi ya fito ya nemi Yaya. Da na ga ya cire gilashin yana gogewa na zauna a ƙasa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Wajen wanka Inna ta ce in kawo haƙorin a sa mata a likkafani, tunda da shi ta so ta koma. Aka aika aka tambayi liman, ya ce ba a binne mutum da kayan ado, Hajjinta yana wajen Allah ba a bakinta ba. Sai ya zauna a hannuna.

Na so in riƙe Inna a zuciya, ita da dajinta da bularta. Na kasa. Matar nan kwana tara tana kwana a tabarma a barandar asibiti da ciwon gwiwarta, ita ke wanke zannuwan Umma. Abin da ta sani ta faɗa, ni da na san likita me na yi?

Ranar sadakar uku, mutane sun ragu, muna zaune ni da ita a ɗakin Umma. Wata ta faɗi abin dariya a tsakar gida, na ɗan yi murmushi ban sani ba. Inna ta kama haɓata ta juyo da ni wajen haske. Ta ce, "Kin kore shi ke nan."

Na ce, "Me?"

"Haƙorin Tasalla. Sak naki, wuri ɗaya, hawa ɗaya. Ke ba ki sani ba?"

Na ce ban sani ba.

Ta ce, "Muna 'yan mata har waƙa ake yi mata a dandali. Ba ta dariya sai ta rufe baki da gyale. Da ta je Makka, sauran mata kowa ta miƙa lafiyayyen haƙori, ita ta nuna wa mai sa haƙorin wannan. Ya ce a karkace yake, murfi ba zai zauna ba sai an goge shi sosai. Ta ce goge. Ta ce min tana jin abin har tsakar kanta, hawaye na zuba, ba ta ce ya tsaya ba. Ranar da ta sauka a filin jirgi, ranar na fara ganin ƙanwata ta yi dariya baki buɗe."

Ni ce na tsaya a kanta tana tuƙin tuwo na ce mata ba za ta gane ba. Ta ce haka ne. Ni ce na kira shi gwangwani.

To ga abin da nake so ku ɗauka, ba yawa. In tsohuwarki tana da haƙorin Makka, ki kai ta a duba ƙarƙashinsa tun ba ya ciwo, kuma ki gaya mata dubawa ba cirewa ba ce. In kumatu ya kumbura saboda haƙori kar a gasa, kar a jira, musamman mai suga. In kumburin ya doshi ido ko wuya ku wuce ɗakin gaggawa, ku ce musu gaggawa ce, kar ku zauna a layin kati kamar mu. Kuma in likita ya ba ki saƙo ki kai shi yadda ya ba ki. Kar ki ƙara masa naki.

Ban koma benen ba sai da na yi wata biyar. Dakta ta kira ni ya fi sau huɗu, ta zo gaisuwa ma har gida da mayafinta. Da na je ta cire wayar, ta wanke min bakin, ta ce in ina so ta ƙara min hasken haƙorin da na daɗe ina yi mata naci a kai, kyauta. Na ce ta bar shi. Ta miƙo min madubi. Sun jeru reras, kamar na 'yan talla. Abin da na yi shekaru ina so ke nan. Na duba, na rasa wa zan nuna wa, na mayar mata da madubinta.

Ta ba ni wata roba da aka yi daidai bakina, ta ce in riƙa sawa kullum in zan kwanta. Ta ce, "Kar ki yi wasa da ita. In kika bari, haƙorin nan zai riƙa neman komawa inda ya fito."

Na ce, "Zai koma?"

Ta ce, "A hankali, amma zai koma."

Robar tana cikin wani ɗan gwangwanin alewa a ƙasan akwatina, tare da haƙorin Umma. Wata biyu ke nan ban sa ta ba. Kar wadda ta yi koyi da ni a wannan, na san ba daidai ba ne, kuma Dakta ba ta sani ba sai in ta karanta. Kullum da safe kafin in fita shago nakan ɗaga leɓena a madubi in duba. Shekaranjiya na ga kamar ya ɗan motsa.

Allah ya jiƙan Hajiya Tasalla, ya karɓi Hajjinta.